Waƙa Ma Haja Ce, Kuma Tana Da Mai Ita

A 'yan shekarun nan, labarin matasan mawaƙan Afirka da ke fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, sannan su hau jirgi su zaga duniya suna tallarsa, ya zama abin hira a rumfunan kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa, Kamba da Gaya, har zuwa Maigatari. Haka abin yake a wajen 'yan'uwanmu masu ci-rani a kudancin Libiya, a garin Sabha da ƙauyukan dabino na yankin irin su Zighan da Samnu. Yaro zai buɗe waya ya ga sa'ansa a kan dandamali a Landan ko Faris, dubban Turawa suna tafa masa, sai ya ji zaman rumfar maigidansa ya ishe shi. Manya kuwa sukan kawar da kai su ce ai wannan shashanci ne. A ra'ayinmu, yaran da manyan duk sun yi wa al'amarin gurguwar fahimta. Wannan zagaye da mawaƙi ke yi fatauci ne kamar kowane fatauci, yana da jari, yana da dillalai da la'ada, akwai riba akwai faɗuwa. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kai shi ne, akwai hajar da ta ratsa ta cikin kasuwanninmu ta zaga duniya, amma a cikin duk hannuwan da ta bi a nan gida ba a samu wanda ya tambayi mai ita ba.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wajajen Abalak da Cintabaraden. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, saboda haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Kamar dubban samarin yankin, shi ma ya taɓa tsallakawa Libiya neman na kai, ya yi aikin ƙarfi na wani lokaci, ya dawo gida. A shekarar 2008 ne ya gangaro Sakkwato ya shiga situdiyo, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Da harshensa na Tamashek ya rera waƙoƙin, amma salon ɗaukar irin na waƙoƙin fina-finan Hausa ne na wancan lokaci, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya wadda duk mai sauraren waƙoƙin fim ya san ta.

Babu wani kamfani da ya buga wannan kundi a lokacin, babu kantin da aka ajiye shi ana sayarwa. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta hanyar Bluetooth da katin memori, a tashoshin mota da rumfunan cajin waya da wajen masu tura waƙoƙi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan hanya, domin ita ce hanyar albasa da dabbobi da atamfa da shayi da sukari. Direban da ya ɗauko kaya daga Ƙonni ya tura wa yaron mota a Tawa, shi kuma ya tura wa wani a Agadas, har waƙoƙin suka shiga arewacin Mali. Sun zama abin saurare a gidajen biki da majalisun shayi, kuma da yawan masu saurarensu ba su ma san sunan wanda ya rera su ba, domin wajen turawa sunan yakan ɓace ko a sauya shi.

A garin Kidal na ƙasar Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa ƙaramin kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da irin waɗannan waƙoƙi yayin da yake tattara abin da mutane ke ji a wayoyinsu. A shekarar 2011 ya buga wasu daga ciki a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, kuma a ciki akwai waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine. Abin lura a nan shi ne, mutumin ya bi sawun masu waƙoƙin domin ya biya su, kamfanin kuma ya bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na ribar faifan na mawaƙan ne. Da ya samu Mdou, har jitar bahagwai ya kai masa, domin shi bahago ne. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2013 aka fitar da kundinsa Afelan, a 2014 aka buga Anar bisa ƙa'ida kuma ya yi zagayensa na farko a Turai. A 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek. A 2021 babban kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, a 2024 kuma ya hau dandamalin bikin Coachella na jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan tarukan kiɗa na duniya.

Mai karatu ya duba lissafin da kyau. Tsakanin ɗaukar kundin a Sakkwato da zagayen farko a Turai shekara shida ce. A cikin waɗannan shekaru waƙoƙin sun bi ta hannun dubban mutanenmu, wasu sun karɓi kuɗi sun tura wa wasu, wasu sun kunna a rumfa sun jawo masu ciniki. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba ce a mota, amma wanda ya fara neman mai waƙar domin ya ƙulla ciniki da shi sai da ya taso tun daga gaɓar yammacin Amurka. Ba mu ga laifin baƙon ba ko kaɗan, abin da ya dace ya yi, kuma ya ci halaliyarsa. Abin takaicin namu ne, mu da muke alfahari da cewa babu hajar da za ta gilma a gabanmu ba mu san darajarta ba.

Kada wani ya ce wannan dace ne na mutum ɗaya. Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ɗan yankin Agadas ne da rikicin tawaye na 1990 ya kora da iyalinsa zuwa Aljeriya, ya kuma zauna a Libiya, sannan rikicin 2007 ya sake korarsa zuwa Burkina Faso. Shi ma kaset ɗinsa wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya ji, ya bi sawunsa har Wagadugu. A 2011 kundinsa Agadez ya fita ya zaga da shi ƙasashen waje, kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar lambar Grammy. Labarin iri ɗaya ne: haja ta gida, hanya ta gida, amma dillalin daga ƙetare.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan hali namu yana da asali, kuma sai mun fahimci asalinsa za mu iya gyara shi. A ƙasar Hausa mawaƙi bai taso yana sayar da waƙa ba, ubangida yake yi wa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo a fada suka yi suna, Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos kuwa sun waƙe sarakuna da attajirai da direbobi da talakawa, ana saka musu da riguna da dawaki da motoci da kujerar Makka, ga kuma liƙi a wajen biki. Da kaset ya zo, sai aka ɗauki kwafarsa a matsayin taimako ga mawaƙi, tunda yana ƙara masa suna, suna kuma shi ke kawo gayyata. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma har yau babu kasuwar da ba a tura waƙoƙinsu ana karɓar kuɗi. Mai turawa nawa ne ya taɓa tunanin cewa waɗannan bayin Allah sun bar magada?

Zamani kuwa ya sauya. Mawaƙin yau da kuɗinsa yake shiga situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yan amshi, ya biya mai ɗaukar hoto. Da can idan ya gama yakan kai wa dilolin kaset da faifan CD, irin na kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, su saya su rarraba, ya mai da wani abu daga jarinsa. Da memori ya kashe kasuwar CD, wannan ƙofa ma ta rufe, kuma dilolin kansu sun ɗanɗana kuɗarsu, da yawa sun sauya sana'a. Abin da ya rage wa yaro mai basira shi ne wasan biki da kuma ƙofar ɗan siyasa. Idan muna kukan cewa waƙoƙin yanzu sun koma tumasanci da zagin abokan hamayya, to mu tuna cewa wanda ke biyan mawaƙi shi ke zaɓa masa abin da zai faɗa. Jama'a sun ƙi biya, ɗan siyasa ya biya.

Mun san abin da masu tura waƙoƙi za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce su ma talakawa ne, 'yan canji suke karɓa, kuma da wannan sana'a suke ciyar da iyali. Za su ce mawaƙa da kansu ke kawo musu sababbin waƙoƙi suna roƙon a yaɗa. Za su kuma ce ba don turawar ba, da Baturen bai taɓa jin muryar Mdou a Kidal ba. Duk mun yarda. Amma akwai bambanci tsakanin ɗanɗano da mai haja ya bayar da hannunsa da kuma ɗiban buhu ba da saninsa ba. Mai goro yakan ɓare ɗaya ya miƙa maka ka ɗanɗana, wannan ba ya nufin ya halasta maka huhun. Idan mawaƙi ya ba da waƙa ɗaya don talla, wannan zaɓinsa ne. Idan kuwa aka kwashe kundinsa gaba ɗaya ana sayarwa shekara da shekaru ba a ba shi komai, to an koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yana da kyau kuma 'yan kasuwa su san yadda shi kansa zagayen ƙasashen wajen yake, domin hoton da ake gani a waya ba ya nuna lissafi. Kafin mawaƙi ya hau dandamali a Turai ko Amurka, sai an samu dillalin wasanni da zai shirya masa garuruwa da ranaku, wanda bisa al'adar harkar yakan ɗauki wajen kashi 10 cikin 100. Manaja yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20. Ga kuɗin jirgi na dukan 'yan ƙungiya, ga masauki, ga hayar mota da kayan sauti. Ga kuma biza. Tun daga watan Afrilu na 2024 kuɗin shigar da takardar neman izinin wasa ga mawaƙan waje a Amurka ya tashi daga dala 460 zuwa sama da dala 1,000 ga wasu masu nema. Kuɗin bizar shiga ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a watan Yuni na shekarar 2024, kuma idan aka hana mutum ba a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar harajin Amurka tana riƙe har kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasan baƙo, sai in an yi wata yarjejeniya da ita kafin tafiya. Saboda haka sabon mawaƙi yakan iya zaga garuruwa da dama ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da yake nema a zagayen farko shi ne a san shi, a sayi faifansa, a sake gayyatarsa. Wato jari ake zubawa, kuma sai wanda ke da mai tsaya masa yake jurewa.

A nan ne bambancinmu da mutanen kudu ya fito fili. Divine Ikubor, wanda aka sani da Rema, ɗan birnin Benin ne na jihar Edo. Yana da shekara 21 ya fitar da kundinsa na farko Rave & Roses a watan Maris na 2022, ya zaga da shi Turai da Amurka, a 2023 ya yi wasa a Indiya, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya hau dandamalin babban zauren O2 na Landan. Waƙarsa Calm Down, wadda ya sake rerawa tare da Selena Gomez, an saurare ta sama da sau biliyan ɗaya a manhajar Spotify. Basira yana da ita, amma a bayansa akwai kamfanin Mavin na Legas, wanda ɗan Najeriya Don Jazzy ya kafa, ya zuba jari, ya rubuta yarjejeniya, ya riƙe haƙƙin mallaka. A watan Fabrairu na 2024 aka sanar cewa kamfanin Universal, mafi girma a harkar waƙa a duniya, zai sayi kaso mafi tsoka na Mavin. Ke nan da baƙon ya zo, ya tarar da mai gida a tsaye, sai da ya yi ciniki da shi. Spotify kaɗai ta ce ta biya mawaƙan Najeriya sama da naira biliyan 25 a 2023, da sama da naira biliyan 58 a 2024. Hausa tana cikin harsunan da suka fi yawan masu magana a Afirka. Ina kamfaninmu da zai tsaya a wannan kasuwa?

Ba mu ce harkar ba ta da haɗari ba. Mawaƙiyar Afirka ta Kudu, Tyla, ta ci lambar Grammy a watan Fabrairu na 2024, amma a watan Maris, daidai lokacin fitar kundinta na farko, rauni ya tilasta mata soke zagayen da aka riga aka tsara. Shi kansa Mdou Moctar yana tsakiyar zagaye a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, shi da abokan kiɗansa suka maƙale a can, sai da masoya suka yi musu karo-karo. A zaman jiran nan ne suka ɗauki kundin da ya fita a 2025 da sunan Tears of Injustice. 'Yan kasuwar Illela da Jibiya ba sa bukatar a ba su labarin wancan lokaci, domin motocin kayansu sun yi watanni a tsaye kafin a ɗage takunkumin a farkon 2024, kamar yadda suka sha a rufe iyakar 2019 zuwa 2020. Abin da ya tsayar da tirela shi ya tsayar da mawaƙi. Wannan ma ya isa ya nuna cewa sana'ar tasu da tamu dangin juna ne.

Yanzu sai mu juya ga matasanmu, musamman waɗanda ke gonakin Zighan da Tamanhint da unguwannin Sabha, da waɗanda ke gida suna tara kuɗin mota. Wasu suna ganin cewa idan suka tsallaka teku, basirarsu za ta samu mai saye. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hanyar Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama da Gatrun har Sabha, ta ci rayukan da Allah kaɗai Ya san yawansu. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ba da rahoton cewa ana cinikin baƙin haure kamar bayi a Sabha, ana tsare su ana neman fansa daga iyayensu. Birnin Benin da Rema ya fito yana cikin garuruwan da suka fi tura 'ya'yansu ta wannan hanya, amma shi ta filin jirgi ya fita, da fasfo da biza da takardar gayyata. Mdou da Bombino duk sun zauna a Libiya, kuma babu ɗayansu da ya shiga Turai ta kwalekwale. Aikin da suka ɗauka aka ji shi ne ya sa aka zo nemansu. Wanda ya shiga Turai ba takarda ba shi da izinin yin wasa a biya shi, balle ya sa hannu a yarjejeniya. Kuɗin da ake bai wa masu safarar mutane ya isa a ɗauki waƙoƙi masu kyau a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato.

Wannan hanya ta Fezzan ba baƙuwarmu ba ce, kuma kakanninmu ba da hannu wofi suka bi ta ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Murzuk a 1850 ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus. Abin da ya riƙe wancan ciniki shi ne amana. Kowane kaya an san mai shi, an san madugun da ya ɗauka, an san fatoman da zai sauke baƙo ya sayar masa ya cire la'adarsa ya miƙa saura. Mutum yana Kano kuɗinsa zai same shi daga bayan Sahara, babu waya babu banki. Har yau da wannan tsari ake cinikin shanu a Maigatari da hatsi a Dawanau. Abin da muke nema shi ne a shigar da waƙa cikin wannan amana da muka gada.

Saboda haka muna kira, da farko, ga masu tura waƙoƙi da fina-finai a kowace kasuwa da su haɗa kansu su zauna da ƙungiyoyin mawaƙa, a yanke wani abu sananne da za a riƙa biya a kan kowane sabon kundi, ko da kaɗan ne, a rubuta a ba da rasit. Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa su zama shaidu, kamar yadda suke yi a sauran cinikayya. Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi: a daina goge sunan mawaƙi ko sauya shi da sunan shago wajen turawa. Sunan nan shi ne adireshinsa, ta nan mai neman ciniki da shi zai same shi.

Na biyu, muna kira ga Alhazanmu masu hali da su dubi wannan harka da idon ciniki. Wanda ke iya fitar da jari ya ba yaro ya tafi Kwatano ko Lome sarin kaya a raba riba, zai iya kafa situdiyo mai inganci, ya ɗauki nauyin kundin yaron da ya yarda da tarbiyyarsa da abin da yake faɗa, bisa rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu da lauya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da harkar kiɗa ba, babu mai tilasta masa, amma shi ma ya hana a sayar da haƙƙin wani a rumfarsa. Wanda kuma ya shiga, yana da damar ya sa sharaɗin tsaftar harshe, kuma wannan ya fi tasiri a kan zagin mawaƙa daga nesa.

Na uku, kafin a yi mafarkin Landan a fara da zagayen da ba ya bukatar tsallaka teku. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni, Tawa, Agadas, Maraɗi da Damagaram, zuwa zangon Kumasi da unguwar Nima ta Ankara, zuwa Garwa da Injamena, ko'ina akwai masu jin Hausa, kuma ko'ina akwai ɗan kasuwarmu da ya san gari, ya san hukuma, ya san inda za a sauki baƙo. Mawaƙanmu suna zuwa waɗannan wurare, amma galibi a kan gayyatar biki ko ta mutum ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsari: ranaku a jere, tikiti mai lamba, lissafi a buɗe. Mawaƙin da ya cika zaure a garuruwa goma na yankinmu yana da abin nunawa ranar da dillalin waje ya zo, kuma ba zai sayar da kansa da araha ba.

Na huɗu, ga hukumomi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta shafi har abin da ake yaɗawa ta waya da intanet, kuma tana da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Nijar ma tana da ofishin BNDA a Yamai. Amma waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan, don haka ya kamata hukumomin biyu su yi aiki tare, su fassara dokokinsu da Hausa, su sauƙaƙa wa mawaƙin ƙauye yin rajista. Muna gargaɗi da kada a mai da wannan wata sabuwar hanyar kame da karɓar na goro a kasuwa, domin 'yan kasuwar kan iyaka sun gaji da shingaye. A fara da wayar da kai. Gidajen rediyo, manya da na al'umma, su riƙa faɗin sunan mawaƙi duk lokacin da suka sa waƙarsa, su kuma ba da fili a yi wa jama'a bayanin wannan haƙƙi.

Daga ƙarshe, ga su mawaƙan matasa. Ku ajiye asalin abin da kuka ɗauka a hannunku, ku sa sunanku da lambar wayarku a jikin kowace waƙa, ku yi rajista. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku iya karantawa ba, ko daga Bature take ko daga ɗan gari, sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku, ku san shekara nawa za ta ɗaure ku da kuma kashi nawa ne naku. Ku kuma lura cewa abin da ya kai Mdou da Bombino duniya shi ne sun riƙe harshensu da salon ƙasarsu. Mai kwaikwayon Legas ko Amurka zai tarar da masu abin sun fi shi iyawa.

Yau ma akwai wani yaro a wani situdiyo a Sakkwato ko Damagaram yana ɗaukar kundinsa na farko, kuma nan da 'yan makonni waƙoƙinsa za su iso rumfunanmu, su wuce har wayoyin ma'aikatan gona a Zighan. Fatanmu shi ne a wannan karon a samu ɗan kasuwa daga cikinmu da zai tambayi mai su, ya neme shi, ya biya shi. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya dawo mana da matafiyanmu gida lafiya, amin.